Hanci da Wuƙar Likita a Birnin Yamai

Mutane iri biyu ne ke neman likita a birnin Yamai saboda hanci, kuma ko da yake wuƙar da za ta taɓa su iri ɗaya ce, ilmin da ke riƙe da wuƙar kuma daga tushe guda ya fito, da wuya ka same su zaune bisa benci ɗaya suna jiran kira. Na farko su ne waɗanda Allah ya ba su hanci lafiyayye, suna shaƙar iska da shi, suna rarrabe ƙanshi da wari, amma duk sa'ad da suka tsaya gaban madubi sai zuciya ta raya musu cewa da an ɗan ɗaga karansa, an kuma rage faɗin ƙofofinsa, da fuskar ta fi haka fasali. Waɗannan ƴan birni ne masu abin hannu, kuma idan niyyar ɗayansu ta yi ƙarfi, filin jirgin sama na Diori Hamani yake nufa, ya tashi zuwa Tunis ko Kasabalanka ko Istanbul, ya dawo bayan mako biyu da ƴar filasta bisa fuska, ya ce wa dangi ai toshewar hanci ce ta kai shi. Na biyu kuwa yara ne, da manyan da suka girma da tabon yarinta, waɗanda akan ɗauko daga ƙauyukan Tawa da Maraɗi da Damagaram da Tillaberi, bayan wata cuta ta cinye musu leɓe da kunci da hanci tun ba su fara famfara ba. Su kam da gefen mayafi suke zuwa a kan fuska, bukatarsu kuwa ita ce su iya cin tuwo cikin jama'a ba tare da an kau da kai ba.

Akwai masu cewa son gyaran hanci baƙon abu ne, wai wayar hannu da finafinan Indiya ne suka kawo mana shi. Magana ce mai daɗin faɗa a majalisa, amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da wurin wankan jariri ya san ba ta cika ba. Kaka ce za ta zauna bisa kujera ƴar tsugunno, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jaririn a kan ƙwaurinta, ta tsoma tsumma cikin ruwan zafi ta matse, ta gasa masa cibi da gaɓoɓi, sa'an nan, in ta zo kan fuska, sai ta lakato man shanu, ta kama ɗan karan hancin nan da babban yatsa da manuni, ta riƙa jansa daga tsakanin idanu zuwa ƙasa, a hankali, tana yi tana tsokanarsa: “Kai maigidan, da wannan bajajjen hancin za ka aure ni? Tsaya in gyara ka, kada kishiyoyi su yi mini dariya.” Mai jego tana gefe tana murmushi, ba ta tanka ba, gama ɗan fari ne, kunya ba ta barinta. Likitoci sun daɗe suna cewa jan nan ba ya ƙara wa hanci kome, tun da siffarsa gado ce da ke fitowa sannu a hankali yayin da ƙasusuwan fuska ke girma, amma har gobe kakanni ba su fasa ba. Kazalika idan ana koɗa kyan budurwa, bayan dara-daran idanu da wushirya, sai an ce hanci har baka. Samarin Wodaɓe kuma, a lokacin gerewol, da wajen taron shan gishiri na Ingal da akan yi cikin watan Satumba, sukan ja zane mai haske daga goshi zuwa kan hanci domin ya ƙara tsawo a idon ƴan matan da za su yi zaɓe, alhali kakanninsu suna yin haka tun ba a ƙera na'urar ɗaukar hoto ba.

Abin da zamani ya ƙaro shi ne kayan aiki. Mai kwalliyar amare a Wadata ko Bukoki takan ja layi biyu masu duhu a gefe da gefen hanci, ta sa mai haske a tsakiya, ta murza su da soso har su saje da fata, sai ga amarya da hancin da mahaifiyarta ba ta san ta da shi ba. Da ruwan alwala ya taɓa shi kuwa, ya tafi. Wayar hannu ta fi ta iya aiki, domin akwai manhajojin da ke sirantar da hanci tun kafin mai ɗaukar hoton ta ankara, har yarinya ta saba da fuskar da ke cikin waya fiye da wadda take kwana da ita. Daga nan zuwa tambayar kuɗin tiyata ba nisa. Ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta duniya, wadda ake kira ISAPS, ta ƙiyasta cewa an yi wa hanci fiye da miliyan ɗaya irin wannan aiki a shekarar 2023 kaɗai, ƙasashen Turkiyya da Iran kuwa sun yi suna a kansa.

Ga yadda aikin yake. Hanci ƙashi ne daga sama, guringuntsi daga ƙasa, da wani shamaki a tsakiya wanda ya raba ƙofofin biyu. Fata ta lulluɓe su daga waje, wata tattausar fata mai damshi kuma ta shimfiɗu daga ciki. Likita yakan sa mutum barci, ya yanka ta cikin ƙofofin, ko ya ƙara ɗan yanka a ginshiƙin naman da ke tsakaninsu, ya ɗage fatar sama, sa'an nan ya yi abin da ya zo yi. Bature da Balarabe da mutumin Farisa galibi ragi suke nema, a kankare tudun da ke bisa karan, a karya ƙasusuwan gefe a matso da su. Namu kuwa ƙari ne, kuma ƙari ya fi ragi wuya, domin karan yana kwance, guringuntsin kan hancin yana da laushi, fatar tana da kauri da maiƙo, saboda haka sai an nemo abin da za a tokare shi da shi, a yanko guringuntsi daga shamakin tsakiya, ko daga kunne, ko, in ana son mai yawa, daga haƙarƙari. Waɗansu likitoci, don sauƙi, sukan cusa ɗan sandan roba na silikon, wanda kan zauna lafiya shekara da shekaru, kan kuma goce ko ya ruɓar da wurin har ya huda fata ya leƙo waje. Rage faɗin ƙofofi kuwa sai an yanke ɗan yanki daga inda hanci ya haɗu da kunci, abin da aka yanke kuma ba ya komawa. Bayan mako guda akan cire abin da aka ɗaure hancin da shi, amma kumburin kansa, ga mai kaurin fata, yakan kai shekara ko fiye kafin ya saɓe a ga ainihin abin da aka saya. Littattafan likitoci suna ambaton cewa tsakanin mutum 5 zuwa 15 cikin ɗari sukan koma a sake musu aikin, na biyun kuma ya fi na farko wahala. Wanda aka yi wa nasa a Istanbul ya dawo Yamai, idan abin ya ɓaci bayan wata shida, likitansa yana can bayan hamada da teku, sai dai ya aika masa da hoto ta WhatsApp ya jira amsa. Mafi hatsari duka ita ce allurar ciko da ake yi wa hanci ba tare da yanka ba, wadda ake tallarta da cewa minti kaɗan ne an gama. Idan ruwan ya shiga jijiyar jini zai iya kashe fatar wurin, ya kuma iya bin jijiyar har ya makantar da ido, ba abin da za a ɗora a hannun mai shagon kwalliya ba ne.

Asalin wannan sana'a, kamar yadda masana tarihin ɗibbu suka tabbatar, jinƙai ne ga wanda aka wulaƙanta. A ƙasar Indiya ta dā, inda yanke hanci yake cikin hukuncin da akan yi wa mazinaci da ɓarawo da bursunan yaƙi, wani malamin likita mai suna Sushruta ya bayyana a littafinsa yadda ake auna wurin da ganye, a yanko fata daidai da shi daga kunci, a ɗinka sabon hanci. Daga baya masu sana'ar suka koma ɗebo fatar daga goshi. Turawa ba su farga da wannan hikima sosai ba sai a watan Oktoba na 1794, lokacin da wata mujallar Landan, Gentleman's Magazine, ta buga labarin wani mai koran amalanken shanu na sojan Ingila, Cowasjee, wanda mutanen wani sarki a ƙasar Indiya, Tipu Sultan, suka kama suka yanke masa hanci da hannu ɗaya, sa'an nan wani Ba'indiye a kusa da Pune ya yi masa sabon hanci da fatar goshinsa. Wani likitan Landan, Joseph Carpue, ya karanta, ya yi ta gwaji a kan gawa, har a 1814 ya yi wa wani hafsan soja, tun ba a san maganin sa barci ba. Kafin wannan, Gaspare Tagliacozzi na Bolonya ta Italiya ya wallafa littafi a 1597 kan yadda ake ɗebo fata daga damtse, a ɗaure hannun a ka na kusan mako uku har fatar ta kama. Gyaran hanci lafiyayye kuwa ɗan baya-bayan nan ne: John Orlando Roe na Amurka ya fara yinsa ta cikin ƙofofi a 1887, Jacques Joseph na Balin ya ɗaukaka shi daga 1898. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka yi ta cika ɗakin Joseph Yahudawa ne, masu neman a rage musu hancin da jama'a ke gane su da shi su tsangwame su. Watau tun ranar gini, wannan reshe na sana'ar ya cakuɗe da rainin da wata al'umma ke yi wa siffar wata, da kuma yadda wanda aka raina kan wayi gari ya yarda da hukuncin mai raina shi.

Shari'a ba ta ɗauki hanci da wasa ba. An ambace shi da sunansa a ayar ƙisasi ta Suratul Ma'ida, kuma a cikin wasiƙar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmi, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an sanya diyyar hancin da aka yanke duka raƙumi ɗari, watau daidai da diyyar rai sukutum. Duk almajirin da ya kai babin hukunce-hukuncen jini a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, a zaurukan Yamai ko Sakkwato ko Katsina, ya ji wannan daga bakin malaminsa. Hadisin da malamai suka fi kafa hujja da shi a mas'alar gyara kuwa shi ne na Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya yi masa wari, Annabi ya umurce shi ya yi na zinariya, alhali an hana maza sa zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. A ɗaya gefen akwai ayar Suratun Nisa'i da ta lissafa sauya halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alkawarin umurtar mutane da su, da hadisin Ibnu Mas'ud a Buhari da Muslim, wanda ya la'anci masu goge haƙora don su yi wushirya saboda neman kyau, inda malamai suka tsaya a kan sharaɗin nan na neman kyau, suka ce da don magani ne da babu laifi. Bisa waɗannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ƙungiyar da ta kafa Jami'ar Musulunci ta Say a kudu da Yamai, ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a watan Yuli na 2007, ta fitar da ƙuduri mai lamba 173. Ta halatta tiyatar da za ta mai da gaɓa ga halittarta ko ga aikinta, da gyaran aibin da aka haifi mutum da shi irin su tsagewar leɓe da karkacewar hanci mai tsanani, da wanda ya samu daga baya saboda ƙuna ko hatsari ko cuta. Ta kuma hana sauya halitta madaidaiciya don bin son zuciya da kwaikwayon waɗansu, ta ambaci sauya siffar hanci a cikin misalanta.

Iyakar a fili take a gefe biyun nan, tsakiya ce ke da duhu, domin ƙudurin ya kuma halatta kawar da munin da ke cutar da mutum a jiki ko a zuciya, kuma ta wannan ƙofa ce kowa ke son shiga. Ba na musun cewa akwai wanda gori ya hana shi sakat tun yana makarantar allo, har ya ƙi shiga hoto, ya ƙi zama sahun gaba a taro. Irin wannan yana bukatar a saurare shi da rahama, wani lokaci ma likitan ƙwaƙwalwa ya fi dacewa da shi bisa mai wuƙa, domin akwai lalurar da ke sa mutum ya ga aibin da babu shi, kuma mai ita ko sau nawa aka yanka shi ba ya gamsuwa. Amma fa faffaɗan hanci halitta ce madaidaiciya ta mafi yawan mutanen wannan ƙasa, da Bahaushe da Bazabarme da Babarbare, kuma duk wanda ya ce aibi ne da ke neman fatawa, to, ya juya ya dubi sahun masallacin Juma'a, ya faɗa mana nawa ne daga cikin masallatan yake ganin an yi kuskure wajen halittarsu.

Aibin da babu malamin da zai yi jayayya a kansa yana nan cikin garin. Cutar da likitoci ke kira noma, wadda mutanen karkara ke ce wa ciwon iska, waɗansu su ce zaizayar baki, tana kama yara ne galibi tsakanin shekara 2 zuwa 6, musamman wanda aka yaye da gaggawa don uwar ta samu ciki, ko wanda tamowa ta riga ta raunana, sa'an nan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya ya ƙarasa karya masa garkuwar jiki. Daga dasashi take farawa: ya yi ja, yana jini, baki yana wari, yaro yana dalalar da miyau, ya ƙi cin abinci. Cikin ƴan kwanaki kunci ya kumbura, sai wani baƙin tabo ya bayyana a waje, naman ya mutu, ya zube, ya bar rami wanda ake hango haƙora ta cikinsa; in ta yi sama sai ta ci leɓe da hanci, har ta kai gindin ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ne ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma tara cikin goma suna mutuwa idan ba a yi magani ba, mafi yawansu ba tare da wani likita ya gan su ba. Ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani. Ta taɓa zama a Turai, ta ɓace da abinci ya wadata, ta sake ɓullowa a sansanonin da ƴan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya isa ya nuna cewa yunwa take bi, ba launin fata ba. Abin takaici shi ne, a kwanakin farko, tun tana dasashi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki, sun isa su tsai da ita, kuma magunguna ne da ake samu a kusan kowane farmasi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, sai dai jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu ya sha barin kantocinsu babu magani. Ga nisa, ga damina, ga shi kuma wanda ya yarda iska ce ta taɓa ɗansa wurin mai magani zai fara zuwa. Sai a ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta gabatar da bukatar a madadin ƙasashe 32.

Waɗanda suka tsira su ne ke zuwa Yamai. Ƙungiyar Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a Lozan ta ƙasar Suwizalan a 1980, tana da gidan kula da waɗannan yara a Damagaram tun 1992, ta kuma daɗe tana aiki da likitocin Janeba irin su Denys Montandon da Brigitte Pittet. Ƙungiyar Hilfsaktion Noma, wadda wata malamar makaranta, Ute Winkler-Stumpf, ta kafa a Regensburg ta Jamus a 1994, ita ce ke da asibitin La Magia a Yamai, inda ake yin tiyatar a cikin ƙasa maimakon a ɗauki yaro a kai shi Turai ya yi watanni cikin mutanen da ba ya jin harshensu. Akwai kuma asibitin yara na CURE da aka buɗe a birnin a 2010, wanda ke gyara tsagewar leɓe da tabon ƙuna da karkatattun ƙafafu, tsagewar leɓe kuwa kusan kullum takan ja hanci ta karkatar da shi. A hayin iyaka, Sakkwato tana da asibitin yara masu noma tun 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014.

Wanda ya ga yaro a tsakiyar wannan aiki ba ya mantawa. Kafin a zo kan hanci ma, sau da yawa sai an fara buɗe baki, domin tabon noma yakan ƙage muƙamuƙi har haƙora su haɗe, yaro ya shekara biyar ko goma yana tura fura ko kunu ta ramin kunci. Mai sa barci kuma, tun da baki ba ya buɗuwa, sai ya bi da bututun numfashi ta hanci, in akwai sauran hancin, yana leƙawa da wata siririyar na'ura mai fitila. Ginin hancin kansa kamar ginin bukka yake, sai da shimfiɗar ciki, da tanka, da jinka: a juyo fata daga kusa a yi shimfiɗar ciki, a sassaƙa guringuntsin haƙarƙari ko na kunne a kafa, sa'an nan a zana siffar hanci a goshi, a yanko fatar, a bar gindinta manne kusa da gira inda jijiyar jini ke ciyar da ita, a murɗo ta ƙasa a ɗinka. Mako uku yaro zai yi yana yawo a farfajiya da wannan igiyar nama daga girarsa zuwa hancinsa, an naɗe ta da bandeji mai maiƙo, yana wasan langa da ƴan uwansa, ma'aikaciyar jinya tana binsa tana cewa ya yi a hankali, har sabon hancin ya sami jini daga inda aka dasa shi, sa'an nan a yanke igiyar. Dabarar nan ita ce dai wadda aka yi wa Cowasjee, an ƙara mata maganin barci da tsabta da sanin hanyoyin jini. Sabon hancin ba ya fitowa da kyan da za a yi masa kirari, yakan yi kauri, launinsa ya ɗan bambanta, tabo kuma ya tsaya a goshi, sai an koma an rage an daidaita. Amma yana rufe ramin, iska tana bin hanyarta, ƙuda ya daina bin yaro.

A nan ne mutanen nan iri biyu suke haɗuwa, ko ba su sani ba, domin hannun da ya iya sassaƙa guringuntsin haƙarƙari ya kafa wa ɗan ƙauye hanci, shi ne dai hannun da zai iya ɗaga wa ƴar birni karan nata, kuma irin wannan hannu ƙalilan ne ƙwarai a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 25. Ɗalibin da ya gama karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, ya ƙara shekaru yana koyon tiyata, ya ƙara waɗansu a waje yana koyon gyaran fuska, zai dawo ya tarar da aiki biyu: ɗaya mai biya da kuɗi a hannu, ɗaya kuma na marasa galihu, wanda har yau mafi yawan nauyinsa yana wuyan ƙungiyoyin agaji na waje, waɗanda kuɗinsu ke hawa da sauka bisa ga abin da ya ɗauke hankalin masu ba da sadaka a Jamus da Suwizalan. Ban ga laifin likitan da ya yi na farko don ya riƙe gidansa ba. Laifin da nake gani na attajiranmu ne, masu gina masallaci kusa da masallaci, waɗanda har yanzu bai faɗo musu a rai ba cewa ɗaukar nauyin karatun likitan fuska guda, ko biya wa yara goma tiyata, yana cikin abin da malamai ke kira sadaka mai gudana.

Aikin kuma ba ya ƙarewa ranar da aka cire zare. Muƙamuƙin da aka buɗe yana son komawa ya rufe, saboda haka sai yaro ya yi watanni yana motsa shi kullum, ana jera masa ƴan siraran katakai tsakanin haƙora, ana ƙara ɗaya a kan ɗaya gwargwadon yadda ya iya jurewa, abin kuwa da zafi, kuma in ya koma gida aka bar shi ya huta, a shekara guda sai a tarar da bakin ya ƙage kamar ba a taɓa shi ba. Shi ya sa ma'aikatan waɗannan gidaje suke rubuta sunan ƙauye da na maigari, su shiga mota su bi yaran har gida lokaci zuwa lokaci, su auna buɗewar baki da ma'aunin milimita, su duba ko yaron yana zuwa makaranta, su kuma sa wa waɗansu ranar dawowa, domin akwai gyaran hanci da na ƙashi da ba a yinsa sai fuska ta gama girma, yaron da aka rufe wa kunci yana ɗan shekara shida yakan jira har ya zama saurayi kafin a kammala masa.